Littafin Alhaji da ajandar biro: shekara biyar a kabinen lauyan 'yan kasuwa a Garwa

Ƙarfe bakwai da rabi nake isa biro, wato ofis, wani lokacin ma kafin nan, don duk wanda ya san Garwa, a arewacin Kamaru, a watan uku da watan huɗu ya san in rana ta take ko ɗan moto sai ka lallaɓa shi kafin ya ɗauke ka, zafi ya haura 40, iska kamar daga bakin tanda take fitowa. Ina shiga abu na farko ajanda nake buɗewa, ƙaton littafin nan mai baƙin bango da muke rubuta ranakun odiyans, wato zaman kotu, da wa'adin kowane dosiye, wato fayil ɗin shari'a, kafin in sha ruwa, kafin in kunna kwamfuta. Shekara biyar kenan da 'yan watanni ina haka a wani kabine, wato ofishin lauya, da yawancin aikinsa na 'yan kasuwa ne da kamfanoni, kuma tunda ƙannena masu karatun shari'a kullum sai sun tambaye ni a WhatsApp, Anti ya aikin yake, akwai kuɗi kuwa, kullum ne ake shiga kotu, shi ne nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

A jami'ar Ngaundere na yi karatu, can Dang, lisans da mastar, wato digirin farko da na biyu, a dokar kasuwanci. Na dawo gida da takarduna da kuma wani hoto a kaina, ni tsaye cikin baƙar riga gaban alƙalai ina zuba faransanci. Wata shida na farko ko ƙofar zauren kotu ban cika taka ba. Aikina fotokopi, jera takardun shaida a sa musu lamba ɗaya bayan ɗaya, rubuta jerin su a gaban dosiye, zuwa ofishin girefiye, wato magatakardan kotu, in kai wannan in karɓo wancan, in jira in sake jira, a ce min dawo gobe in dawo. Abin da ake bani a ƙarshen wata bai wuce kuɗin moto da na kati ba, kuma gaskiya akwai ranakun da na koma gida na yi kuka, Mama tana cewa ki yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, ni kuma ina ganin ƙawayena da suka shiga banki sun fara ɗinka sabbin zannuwa.

Wadda ta fara koya min aikin nan da gaske sakatariyar kabinen ce, wata dattijuwa da ta fi shekara ashirin tana buga takardun kotu. Bata yi digiri ba amma in ta kalli takardar da wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a ga mutane, ya kawo, cikin minti ɗaya zata ce maka ga abin da ya ɓace a ciki, ba a rubuta wa'adi ba ko ba a faɗi kotun da za a je ba. Ita ta ce min, 'yata, kwanan wata ki fara dubawa kafin ki karanta labarin. Har yau da wannan nake aiki.

Dalili kuwa, aikinmu kusan duka a kan dokokin OHADA yake tafiya. Ga wanda bai sani ba, yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a Port-Louis a tsibirin Moris a 1993, aka yi mata gyara a Kebek a 2008, ƙasashe 17 ne a ciki yanzu, har da Kamaru da Chadi da Nijar, kuma abin da take nufi shi ne dokar kafa kamfani, dokar jingina, dokar karɓo bashi, dokar dakon kaya a mota, iri ɗaya ce daga Dakar har Njamena. Sakatariyar ƙungiyar ma a nan ƙasarmu take, a Yawunde, makarantar horas da alƙalanta a Porto-Novo, babbar kotun da ke yanke hukuncin ƙarshe a kan waɗannan dokoki, CCJA, tana Abijan. Wato rigimar shago a kasuwar Garwa in ta yi nisa tana iya ƙarewa a Abijan. Dokokin nan cike suke da wa'adi, kwana kaza, wata kaza, shekara kaza, kuma wa'adi in ya wuce gaskiyarka bata da amfani ko da kowa a gari ya san kai ne mai ita.

Toh dosiyen da ya canza min zama a biro ya zo ne a shekarata ta biyu. Wani Alhaji daga babbar kasuwa, dattijo mai sayar da shinkafa da sukari a sari, ya shigo da ɗansa riƙe da leda. Metir ɗinmu, wato babban lauyan da nake aiki a ƙarƙashinsa, mutumin kudu ne, ya daɗe a arewa yana jin fulatanci daidai gwargwado amma Hausa sai gaisuwa, Alhaji kuma faransancinsa na ciniki ne, ya san lissafi ya san farashi amma bai isa ya ba da labarin da ke cin ransa da shi ba. Sun yi ta fama kusan minti goma, sai Metir ya leƙo yace in zo. Na durƙusa na gaishe shi, ina wuni Baba, ya kasuwa, ya iyali, wallahi sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya gyara zama yace Alhamdulillahi, ashe akwai 'yar gida a nan.

Labarin shi ne yana bin wani mutum a Kusiri miliyan 14 da wani abu na sefa, kaya ne ya riƙa tura masa mota bayan mota, shi kuma yana haye gadar Ngeli da su yana sayarwa a Njamena yana aiko kuɗi, shekara da shekaru babu matsala, sai kawai kuɗi suka tsaya, waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Metir yace in tambaye shi kontira, wato takardar yarjejeniya. Babu. Faktir, wato takardar lissafin kuɗin kaya? Babu. Takardar karɓar kaya? Alhaji ya kalle ni yace 'yata, tun mahaifinsa nake ciniki da gidan nan, in ce masa ya sa min hannu a takarda ai na zage shi. Sannan ya buɗe ledar ya fito da wani littafi irin na 'yan makaranta wanda bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, ciki an rubuta komai da ajami, ranar da mota ta tashi, buhu nawa, sunan direba, nawa aka aiko nawa ya saura, da tawada shuɗiya da ja. Metir ya jujjuya littafin ya ajiye, don a wurinsa zane ne kawai. Ni kuwa makarantar allo da Baba ya dage sai na yi kafin boko, ranar ta biya ni, na ɗauka na fara karantawa a bayyane, Alhaji yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne.

Da na kai shafin ƙarshe gabana ya faɗi. Motar ƙarshe ta tashi wata 22 da suka wuce. A dokar OHADA bashin da ya taso daga cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara biyu ne wa'adin neman sa, sauran harkokin kasuwanci ne suke da shekara biyar, kenan saura mana wajen wata biyu, wasu motocin na baya ma ana iya cewa nasu ya riga ya wuce. Alhaji ya zauna yana kawaici, yana tura manya, yana jin nauyin zumunci, bai san haƙurin nasa yana cinye masa haƙƙi ba. Da na fassara masa wannan shiru ya yi, can yace wato doka bata san kunya ba kenan. Ban sami abin da zan ce masa ba.

Abin da ya cece mu abu biyu ne. Na ɗaya, tsakanin 'yan kasuwa doka ta yarda a kafa hujja ta kowace hanya, kuma tun gyaran 2010 an rubuta ƙarara har da ta na'ura, sai na tambayi ɗan Alhaji ko suna magana da mutumin a WhatsApp, yace ai muryoyinsa na nan fal. Kwana uku na yi da abin sauraro a kunne ina rubuta su da Hausa ina juyawa faransanci, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, har na kai ga wata murya inda yake cewa Alhaji ka ƙara min haƙuri, na san da kuɗinka a kaina, bayan sallah zan fara ragewa. Na biyu kuma, in wanda ake bi ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa, ƙidayar wa'adin tana katsewa ta faro daga farko. Metir ya sa aka nemi wisiye a can Kusiri ya je ya same shi a shago da takardar tambaya, ya rubuta amsarsa. Mutumin bai musa ba, sai dai yace wasu buhunan sun iso a jiƙe, ya yarda da miliyan 12 da rabi.

Daga nan hanya ta buɗe ta abin da muke kira umarnin biya, wato ka kai buƙata gun shugaban kotu da takardunka ba tare da an kira ɗayan ba, in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biya ya yi, sai ya sa hannu a kai masa, shi kuma yana da 'yan kwanaki ya ƙalubalanta. A lokacin kwana 15 ne, sabuwar dokar da ta fara aiki a watan biyu na 2024 ta mayar da shi 10, ku masu karatu da tsofaffin takardun darasi ku kula da wannan. Ni na rubuta daftarin, karo na farko da Metir ya bar min rubutu tun daga layin farko, kuma kamar yadda ake yi a kowane irin wannan na sa uwar kuɗi na sa kuɗin ruwan jinkiri. Da nake karanta wa Alhaji da Hausa ina kaiwa nan ya ɗaga hannu yace tsaya, wane ruwa? Na yi masa bayani cewa doka ce ta ba shi saboda an riƙe masa kuɗi. Yace soke shi 'yata, ni dukiyata nake nema, ba zan haɗa ta da abin da zai ƙona sauran ba. Metir ya yi ta mamaki, yace a shekarunsa na aiki mutane ƙari suke roƙo a sa musu. Aka soke.

Ƙarshe ma ba a kai ga kotun ba. Da mutumin ya ga wisiye a ƙofar shagonsa ya san magana ta girma, ya taso da kansa ya zo Garwa da wani kawunsa, manyan kasuwa suka zauna, aka yafe masa na buhunan da suka jiƙe, ya ɗauki alkawarin biya kashi kashi. Bambancin kawai wannan karon an rubuta, da kwanan wata da adadi da sa hannun shaidu, na karanta musu da Hausa layi layi kafin kowa ya taɓa biro, aka shafa fatiha.

Bayan wannan dosiyen kujerata ta canza. Alhaji ya faɗa wa abokansa akwai wata yarinya a kabine kaza mai jin magana, sai ga masu albasa, masu goro, masu motocin dako, masu kawo kaya daga Mubi da Yola, kowa ya shigo sai yace ina 'yar Hausawan nan. A da ina ɗaukar Hausa da fulatancina abin gida ne, abin da ake ajiyewa a bakin ƙofar biro tare da ƙurar takalmi, ashe su ne jarin da nake da shi wanda waɗanda suka fi ni maki ba su da shi. Kuma fassara a wannan aikin ta wuce juya kalma, dole ka san dokar har cikin ƙashinta kafin ka iya faɗin ta da Hausar kasuwa, in ka kasa bayyana wa mai shago abu toh kai ma haddace shi kawai ka yi.

Misali maganar kamfani. Gidaje nawa ne a garin nan uba ya tara dukiya, shago uku, motoci, sito, komai da sunansa, aljihun gida da na kasuwa ɗaya, ranar da ya faɗi sai a rufe komai ana jiran rabon gado, kafin a gama kaya sun lalace, abokan ciniki sun koma wani wuri, 'yan uwa sun daina gaisawa? Na gani da idona ba sau ɗaya ba kuma yana ci min rai sosai. In nace wa mutum ya buɗe SARL, wato kamfanin da bashinsa ke tsayawa a kan jarinsa, sai yace ai wannan na manya ne irin su SODECOTON, kamfanin auduga, alhali tun dokar 2016 a Kamaru da jarin sefa 100,000 ana kafa ta, mutum ɗaya ma yana iya kafa tasa shi kaɗai, a yi rajista a RCCM, wato rajistar 'yan kasuwa da kamfanoni, a sami lamba. Yadda nake faɗa musu shi ne, kamfani kamar ɗa ne ka haifa ka raɗa masa suna ka ba shi aljihunsa, bashinsa nasa ne, dukiyarsa tasa ce, in ka rasu shi yana nan, magada hannun jari zasu raba shago kuma ya ci gaba da buɗewa. Wasu suna ganewa, wasu tsoron lampo, wato haraji, ke hana su, suna ganin da zarar sunanka ya shiga takarda shikenan an gan ka, kuma ban taɓa yi musu ƙaryar cewa babu haraji ba.

Masu ciniki da Najeriya kuma tasu daban ce, don Najeriya bata cikin OHADA, dokarta irin ta Ingila ce, kenan in kai da mutumin Kano ko Maiduguri kuka saɓa tambayar farko ita ce dokar wa za a bi, kotun ina, kuma da naira aka yi cinikin ko da sefa, a canjin wace rana. Layi uku a takarda tun farko sun isa su kashe wannan rigimar. Saboda irin waɗannan ne na koma koyon turanci da daddare, kuma duk mai son wannan fannin ina ba shi shawara ya yi, balle ƙasarmu ma yankuna biyu da tsarin shari'ar Ingila suke aiki.

Akwai wanda ban iya cetowa ba, kuma har yau in na wuce ta layin shagonsa sai na tuna. Wani mai sayar da kayan gini, shekara tara yana haya a wuri ɗaya, duk gari an san shi a nan. Doka ta ba ɗan hayan shago haƙƙin a sabunta masa in ya yi aƙalla shekara biyu yana sana'a a wurin, amma in hayar mai ƙayyadadden lokaci ce dole ya nemi sabuntawa a rubuce wata uku kafin ta ƙare, in bai yi ba haƙƙin ya faɗi. Ya zo mana saura sati biyar. Ya ce ai sun yi magana da mai gidan a masallaci ya ce babu komai. Mai gidan ya rasu, 'ya'ya suna son wurin. Na duba ta ko'ina, na kwana ina karanta hukunce-hukuncen CCJA ko zan sami ƙofa, babu, iyakar abin da muka iya shi ne roƙa masa wata huɗu ya kwashe kaya. Ranar da na faɗa masa bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, ni ce na kasa cin abinci.

Game da hanyar zama lauya kuwa, tunda ita aka fi tambayata. A Kamaru ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya, digiri kaɗai baya sa ka zama Metir, sai ka ci jarrabawar shiga istaj, wato koyon aiki, ka yi rantsuwa, ka yi shekara biyu ƙarƙashin wani babban lauya, sannan ka sake wata jarrabawar ta fita kafin sunanka ya hau babban jeri. Jarrabawar shigar ba kowace shekara ake yin ta ba, ni sai da na yi shekara uku ina aiki a matsayin mai taimakawa kafin ta zo, yanzu ina cikin istaj. A shekarun jiran nan ne mutane da yawa suke sarewa, wasu su tafi ENAM, makarantar horas da alƙalai da ma'aikatan gwamnati, neman alƙalanci, wasu sashen shari'a na banki ko na ƙananan bankunan bashi, wasu ƙungiyoyin agaji a Marwa da Kusiri, kuma ban ga laifin kowa ba, mutum da iyaye da ƙanne a kansa ba zai ci buri ba. Abin da zan ce kawai, in ka zauna kar ka zauna a banza. Ka roƙi a baka rubutu, ka karɓi jan biron Metir ba tare da fushi ba, nawa daftarin farko ya dawo kamar an yanka kaza a kai, na ajiye shi har yanzu ina dubawa. Ka koyi karanta lissafin kamfani ko da sama sama ne, don lauyan kasuwanci da bai gane takardar riba da asara ba rabin dosiye kawai yake gani.

Bara wani abokin karatuna da ke wani babban kabine a Duwala ya kira ni yace suna neman mutum, can ne manyan dosiyoyi suke, bankuna, tashar jirgin ruwa, kamfanonin waje, albashin kuma ya ninka nawa. Na yi sati biyu ina juya abin a raina, na yi istihara, na yi shawara da Baba, shi dai cewa ya yi duk inda kika je ki riƙe mutuncinki da sallarki. Ban tafi ba. Ba na cewa har abada, wataƙila in na gama istaj in je in yi shekara biyu in ga yadda ake manyan kontira in dawo, amma a yanzu ina ganin a Duwala irina ɗari ne, a nan kuwa in na tashi ban san wa zai karanta littafin Alhaji na gaba ba.

'Yan mata kuma masu tambaya ta a ɓoye ko aikin yana hana aure ko ana tilasta cire lulluɓi, ni dai da ɗankwalina da mayafina nake zuwa biro, kuma tun farko na faɗa wa Metir in magariba ta yi ina son in kasance a gida, in aiki ya saura in tafi da shi, ya yarda saboda ya ga da safe aikin na kan teburinsa. Akwai dattawan da in sun shigo suka ga mace sai su ce su Metir ɗin suke nema, ba na jayayya, sai in kawo musu ruwa in zauna gefe da takarda da biro, kafin a yi rabin magana ni suke fuskanta.

Satin da ya wuce aka kawo mana sabuwar 'yar istaj ta hutu, yarinya daga jami'ar nan ta Garwa, shiru shiru, ta zo da sabon littafin doka ko lanƙwasa bai yi ba. Jiya wani mai dakon albasa ya shigo hankali tashe, motarsa ta faɗi a hanyar Ngaundere da kayan mutane a ciki, masu kaya sun aiko masa da takarda ta hannun wisiye. Na miƙa mata takardar nace ƙanwata, kafin ki karanta labarin, duba min yaushe aka kawo masa wannan. Ta duba ta ƙirga da yatsu tace Anti saura kwana huɗu. Na tura mata ajandar nace ta rubuta da jan biro, ni kuma na ja kujera kusa da mutumin nace toh Malam, fara min tun daga inda aka yi lodi.